Gyaran da Kawu ya ƙara mini

Ana saura mako guda in kare aikina na ƙarshe a jami'a, madannan kwamfutata suka daina aiki. Ina gida Kusada a lokacin, sai na hau acaɓa zuwa Kankia wurin ƙanen mahaifiyata, mai shagon gyaran waya da kwamfuta.

Aikin nawa manhaja ce da na rubuta da yaren Python, wadda ke duba hoton ganyen gero ta faɗi ko cuta ta kama shi. Damina guda na yi ina bin gonakin Yashe da waya a hannu, har manoma suka riƙa tsokanata wai na zo ɗaukar gero hoton fasfo.

Kawu mutum ne da ba ya sallamar kowa ba gyara. Mai awon hatsi kan ƙara maka ɗan tafi, shi kuwa manhaja yake ƙarawa. Da na koma karɓa, ya miƙo mini kwamfutar yana murmushi.

"Ɗiyata, na iske Python ɗinki ta tsufa, na sa maki sabuwa fil. Wannan gyara ne."

Na yi godiya. A gida na kunna aikin, ya ƙi tashi. Kayan da na gina shi da su da tsohuwar kaɗai suke tafiya. Na kira pip, wato manhajar da ke sauko da irin waɗannan kayan, ita ma ashe ta koma yi wa sabuwar hidima. Duk abin da na sauko, can take kai shi. Na yi kuka sosai, kuma haushina ya rasa inda zai sauka, don ba a yi wa mai kyauta faɗa, balle kawu.

Washegari na koma shagonsa da sunan neman sabis mai ƙarfi. Ina bincike sai na ga bai goge tsohuwar ba, tana nan a gefe. Na kira ta da lambarta, na keɓe wa aikina wuri nasa, na sa ta kira pip ɗinta da kanta. Sabuwar ma na bar ta a nata wurin, kamar rumbun gero da na dawa a gida ɗaya.

Kawu ya lura na daɗe ina fama da kwamfutar, ya matsa mini sai da na gaya masa gaskiya. Ya ajiye abin da yake kwancewa, ya jawo benci kusa da ni.

Na saka hoton wani ganye mai ɗigo-ɗigo, na danna. Allon ya ɗan tsaya, sannan sunan cutar ya fito. Na ji Kawu ya sauke numfashi kafin ni.

"Alhamdu lillahi. Ranar da za ki kare shi, rufe shagon nan zan yi, ni zan kai ki."