Ƙurajen da suka fito mini cikin takaba

Maigidana ya rasu a shekarun da sida, wato ƙanjamau, ke ta kwasar mutane a Wagadugu. Falken goro ne, rabin rayuwarsa a kan hanya ya yi ta. Hawan jini ne ajalinsa, Allah ya jiƙansa. Har yau in na ambace shi sai na yi kuka.

Ina cikin takaba ƙuraje suka feso mini a haƙarƙarin dama, a jere, da zafi kamar garwashi. A lokacin, duk wanda aka gan shi da su a unguwarmu ta Zongo, zona ake ce musu, an gama yanke masa hukunci cewa sida ce. Wata maƙwabciya ta hango su ina ɗaura zane. Kafin Juma'a masu zuwa gaisuwa sun ragu, waɗanda suka zo kuma ba sa taɓa moɗata.

Yayar maigidana ta shigo, ko zama ba ta yi ba.

"Amarya," haka take kirana har na tsufa, "ana cewa ƙanena tsaraba ya kawo miki. Ku tashi mu je asibiti, ke da kunyarki."

Likitan sa'an ɗana ne. Jikin da mijina kaɗai ya sani na buɗe masa, ina kallon ƙasa. Ya ɗebi jini. Da muka koma ya ce babu sida.

"Iya, kin yi ƙarambau kina yarinya?"

"Wa ya tsallake shi?"

Ya ce ƙwayarsa ce. Wai 'yar tsaba ce cikin ɓawo, an naɗe ta da fatar kitse, kamar goro cikin ganye, ba ta hayayyafa sai a jikin mutum. Dangi-dangi ne, na sida daban, na ƙyanda daban. Tawa ta kwanta a jijiya tun ƙuruciya, tsufa da baƙin ciki suka tashe ta.

Yaya ta ce, "Matan Zongo ba su san jijiya ba. Sai sun ji daga bakinki."

Ranar sadakar arba'in, tsakar gida cike da mata, har da surukaina, Yaya ta tsayar da ni. Ni da ban taɓa faɗin sunan mijina ba, na ce da ƙarfi bai kawo mini ciwon kunya ba, likita ya duba jinina. Wata tsohuwa ta miƙa hannu ta ɗauki moɗata ta sha, sauran suka shiga yi wa maigidana addu'a. Ni dai na koma ɗaki na rufe fuskata, ban iya sallamar kowa ba.