Tabaryar Tafarnuwa a Kuben Alhaji

Mijina ya yi shekaru yana yawo da bindiga a ƙugu, kuma ban taɓa jin ƙararta ba, ko a kan ɓera. Wata 'yar ƙaramar libarba ce, irin mai gangar nan da ke juyawa, tsawonta bai wuce tafin hannuna da yatsu ba. Ya mallake ta ne bayan abin da ya same mu a hanyar Kaduna. 'Yan fashi suka tare mu, suka kwantar da shi a kan kwalta a gabana, ɗayansu ya take masa hula da takalmi alhali kansa na ciki. Ni sarƙa kawai suka fizge mini. Amma Alhaji bai tashi daga kwaltar nan yadda ya kwanta ba. Ya bi ofis-ofis har ya samu takardar izini, daga nan ko masallacin ƙofar gida ba ya zuwa sai da abarsa.

Da a ce saka ta yake yi ya yi shiru, da da sauƙi. Ina, ado ya shiga yi mata. Ƙotar roba ba ta yi masa ba, ya sa aka sassaƙa mata ta ƙahon bijimi. Ya ce ɗan kunnen da ke bayanta yana kama masa riga, aka goge kaifin. Baduku ya ɗinka mata kube na jar fata, a ɗinka a farke, a ɗinka a farke, har bawan Allah ya fara ɓuya in ya hango motarmu. Duk wata riga ta Alhaji sai da tela ya sake mata ƙugu ta dama, wai don kada bindigar ta leƙo. Ranar Juma'a da hantsi ya shimfiɗa tsumma a falo, ya zauna yana shafe ta da mai a hankali, yana hura mata iska. Ni da na haifa masa 'ya'ya cike da gida, ko man kaɗanya bai taɓa sayo mini da hannunsa ba, kuma na faɗa masa haka ba sau ɗaya ba.

Babban ɗanmu yana harkar kago, wato jigilar kaya, a Dubai, ta hannunsa nake saro abaya. Da ciwon suga ya tasar wa Alhaji, ƙafarsa ta fara kumbura, yaron ya ce mu dawo wurinsa a duba shi da kyau. Garin nan kuwa ko kwanson harsashi ba a shigowa da shi. Alhaji ya kai libarba ajiya wurin hukuma, ya dawo gida ya ƙi cin tuwo. Kuben dai ya cusa shi a akwati, ƙarƙashin huluna.

Muka sauka a wani filat can sama a Al Qusais. Likitar da ta duba shi, wata Ba'indiya marar wasa, ta ce magani kaɗai ba zai yi ba. Sai ya riƙa tafiya a ƙasa kullum, in ba haka ba jini zai daina kaiwa yatsu, ƙarshenta a yanke ƙafar. Alhaji ya gyaɗa kai, muka dawo gida a mota, ya zauna a kujera, bai sake fita ba. Mutumin da jam'i ba ya wuce shi ya koma salla a falo, ga masallaci muna hango shi ta taga. Wannan ne ya tsorata ni.

Na ce, “Alhaji, nan fa Dubai ce. Mutane na barin waya a kan tebur su tafi banɗaki.”

“Na sani, Hajiya.”

“To wa zai tare ka? Ɗan Kerala, Ba'indiyen nan mai shayi?”

“Ba maganar tarewa ba ce,” in ji shi, yana shafa ƙugunsa na dama. “Gefen nan ne babu nauyi. In na taka sai in ji zan kife ta hagu.”

Na dube shi, na ga da gaske yake. To, in nauyi ne matsalar, ai gidan cike yake da nauyi. Na zaro kuben daga akwati na fara kawo masa kaya. Abin maƙale takarda na ofishin yaronmu, ya ce yana ƙara in ya sunkuya. Ƙaton kwaɗo na kwantena, ya ce duk nauyin a gindi yake, babu tsari. Kwalbar turaren wuta, ya sa riga a kai, ya juya gaban madubi, ya ce tana leƙowa, ko makaho ya gani ya san da abu. Na ce ai makahon ƙamshi zai ji, ba tsoro ba. Bai yi dariya ba, ƙafar kuma tana ta ƙara cika.

Wata safiya ina daka tafarnuwa a ɗan turmin tagullar da na saya a shagon Indiyawa, sai na ji mutum tsaye a bayana. Alhaji ne a ƙofar kicin, wurin da bai taɓa takawa ba tun da aka ɗaura mana aure. Ya miƙo hannu, na ba shi tabaryar. Ya ɗaga ta, ya sauke, ya juya ta a tafinsa, ya ce “Allahu akbar” ƙasa-ƙasa. Ya zura ta a kube, ta shige cif.

“Alhaji, miyata fa?”

“Yi amfani da bayan cokali.”

A ranar ya ce in shirya, za mu unguwar Satwa, wai akwai gyare-gyare. Ban yi musu ba, mutumin da ya ƙi sauka ƙasa ne yake neman ƙetare gari. Wani mai gyaran takalma ɗan Pakistan ya naɗe mata ƙota da jar fata, Alhaji na tsaye a kansa yana cewa shwayya shwayya, wato a hankali, a farke nan, a matse can. Da mutumin ya gaji ya tambaya aikin me take yi. Alhaji ya ce, “Sikiyoriti.” Mai takalma ya dube ni, ni kuma na dubi fanka. Daga nan muka shiga wurin tela aka sake wa jallabiyoyi ƙugu.

Tafiya ta dawo. Masallaci, lambun unguwa, har bakin tashar jirgin ƙasa. Kumburin ya fara saɓewa. Tafarnuwar ce dai ta ƙi barin tagullar, duk wankin da aka yi mata. Wani Bazindire da suke sahu ɗaya ya taɓa jan shi gefe ya ce, “Alhaji, kai ma tansiyo, hawan jinin nan, ke damun ka? Ci gaba da tafarnuwar, tana yi.” Na sayi wani turmin, na ga yana zagaya sabuwar tabaryar da ido, wai yana da kyau a samu ta ajiya. Na ɓoye ta cikin buhun shinkafa.

Da sanyi ya shigo aka buɗe babbar kasuwar baje koli a bayan gari, muka tafi bayan la'asar. Ni sam na manta da ƙofar nan mai kuka in ta ji ƙarfe. Yana gaba ina baya, don tun aurenmu a bayansa nake tafiya, haka na ga uwata tana yi. Ya shiga, ƙofa ta yi kuka. Mai gadin, wani dogon ɗan Uganda, ya ce ya ajiye waya da makulli. Ya ajiye, ta sake kuka. Mai gadi ya shafa gefensa, hannunsa ya faɗa kan kube, fuskarsa ta canza. Ya ja baya, ya kira ɗan sanda, ya ce wa Alhaji ya ɗaga hannu.

Alhaji ya ɗaga. Sai na ga gwiwoyinsa sun fara lanƙwashewa, yana neman ƙasa, sak irin ranar kwalta. Wallahi na ji tsoro, kuma ba na ɗan sanda ba. Na san in gwiwar nan ta taɓa ƙasa a gabana karo na biyu, ba zai sake fita daga filat ba har a zo a yanke ƙafar.

Na ce, “Alhaji, kada ka kuskura ka durƙusa mini a nan. Tabaryata ce, ni za su tambaya.”

Na ture wata Bafilipina, na sha gabansa, na kwance wa ɗan sandan Larabcin kasuwa. “Haza mali. Matbak. Tum, tum.” Wato tawa ce, ta kicin, ta tafarnuwa, na haɗa da dakan iska da hannu biyu. Ɗan sandan, wani matashin Balarabe mai gyararren gemu, ya zaro abar da yatsu biyu. Ya dubi jar fatar, ya kai ta hanci, ya kau da kai yana cije leɓe.

“Hajji, lesh?” in ji shi, wato don me.

Sai na nuna kaina, na nuna tabaryar, na nuna ƙeyar Alhaji, wai da ita nake ƙwala masa, na nuna yadda yake ƙwace ta ya ɓoye kafin mu fito. Balaraben ya dube ni daga sama har ƙasa, ni kuwa Allah ya yi mini jiki. Ya dafa kafaɗar Alhaji da tausayi, ya yi masa addu'ar haƙuri. Ya ce halas, wato shi ke nan, amma tabarya a ƙofa za ta zauna, mu karɓa in za mu fita. Aka jefa ta cikin kwando tare da almakasai.

Muka wuce ƙofa, Alhaji ya tsaya cak. Na ga kafaɗarsa ta karkata hagu. Ya waiwaya yana kallon inda tasi ke tsayawa.

Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, “Hajiya, dawo nan ta dama.”

“Ni? Kafaɗa da kafaɗa, a gaban jama'a?”

“Wa ya san mu a nan? Kama rigar, daidai ƙugu. Ja ƙasa kaɗan.”

Na kama, na ja.

“Ya yi yawa. Sassauta.”

“Haka?”

Ya taka, ya sake takawa, ya tsaya ya saurari jikinsa. “Haka.”

Muka zaga kasuwar nan kaf, ina riƙe da rigar mijina, kunya kamar ta kashe ni, daɗi kuma ya hana ni saki. Da za mu fita ya wuce kwandon ko kallo. Na ce tabaryar fa? Ya ce in ɗauko abata in je in yi daka.

Na zaci na huta, ashe gyare-gyaren kaina za su dawo. Ya ce awarwarona na ƙara, na cire. Ya ce takalmina na sa in rinjaye shi, aka sayo mai shimfiɗaɗɗen ƙasa. Ranar wata Juma'a da hantsi kuma ya dawo daga shagon ƙasa shi kaɗai, babu kube, babu ni. Ya ajiye wani ɗan gwangwanin man shafawa a kan cinyata, ya tsaya yana kallon taga.

“Hannun naki ya yi kaushi, yana kama mini riga,” in ji shi. “Kawo in gani.”