Raƙumar Yaya Tileuhan

Magana ta kai har kasuwar Olgi, wai taubashina Tileuhan ya musuluntar da raƙumarsa, ya koya mata alwala, yana sa ta a sahu ranar Juma'a. Wani ma ya rantse ya ji ta ce amin. Ƙarya ce! Gishirin aljihunsa take bi, ta durƙusa a ƙofar masallaci tana tuƙa har ya fito. Ni na fara baza zancen, amma amin ɗin nan ba nawa ba ne.

Yaya Tileuhan ya haura saba'in. A bakin kakarmu ya koyi Fatiha, cikin raɗa, zamanin da hukumar Mongoliya ta hana salla a fili. Da aka sakar wa mutane mara, shi ya ja gaba aka gina masallacin ƙauyenmu da itacen da ya jawo daga dutse. Juma'ar farko takalman ƙofa sun kai dubu. To, a ce tamanin.

Sai manyan motoci suka fara zuwa kwasar mutane. 'Yan ƙabilar Kazak ne mu, ga Kazakistan ta buɗe ƙofa tana kiran 'ya'yanta. Gida sittin suka koma tara. 'Ya'yansa uku suna can birnin Karaganda, kullum waya: "Baba, taho, nan masallatai cike suke." Sai ya ce su gaida yara, ya kashe. Kabarin matarsa Kulyash yana kan tudu, daga tagar masallaci ana hango shi.

A mazhabarmu Juma'a ba ta tsayuwa sai da maza uku bayan liman. Yana da tsoho Beisen, kurman da ke yin ruku'u lokacin da ya ga dama, da Zeinolla makiyayi. Shekara biyu ke nan yana rubuta huɗuba, ya hura murhu, ya kira salla, ya zauna yana kallon hanya. In lokaci ya ƙure ya naɗe takardar, su yi Azahar raka'a huɗu. Huɗubobin sun cika akwati, in ya karanta su duka sai gemun Zeinolla ya taɓa ƙasa.

Bayan salla yakan dafa shayin madara da gishiri, ya fito da soyayyen baursak, irin fankenmu. Nan nake shigowa, don ban taɓa saɓa wa shayin Yaya ba.

Juma'ar da ta wuce na same shi yana sa wata takardar a akwati. Na ɗauki kofi na ce, "Yaya liman, yau ma babu? Ka shigo da Hajiya mai tozo biyu mana, ta cika muku ukun."

Bai yi dariya ba. Ya karɓe kofin daga hannuna.

"Ita kafin kiran salla take zuwa, Kabdol. Kai ne na ukun da nake kallon hanya dominsa, sai ka ji ƙamshin mai kake tuna ƙofar."