Sunan da Malam Ilu Ya Ƙi Faɗa

Cikin duk shekarun da na yi a aikin nan, ban taɓa mantawa da ranar da Malam Ilu ya zo karɓar takardarsa ta bayanin fansho ba. Lokacin ina jami'in fansho a sashen ilimi na wata ƙaramar hukuma can wajen Tofa. Damina ta yi nisa, gero ya fara fitar da kai.

Ga waɗanda ba su san ta ba, takarda ce da ake ba ma'aikaci duk shekara. Tana nuna ranar da ya kama aiki, matakin albashinsa, abin da aka tara masa, da ranar da zai yi ritaya. Can ƙasa akwai sunan wanda za a nema idan ta Allah ta kasance. Mutanenmu kuɗin kawai suke dubawa su cusa ta a aljihu. Ni kuwa sai mun bi ta layi-layi da mai ita.

Malam Ilu malamin Arabiyya ne, ya koyar da ni a firamare, kuma saura shekara guda ya ajiye alli. Komai nasa daidai, sai layin ƙarshe: Abba Iliyasu.

Na ce, "Malam, haka sunan yake a katinsa na ɗan ƙasa?"

"A'a, wannan na gida ne."

"To mene ne na yanka?"

Ya ɗaga kai ya dubi silin. "Sunan mahaifina aka sa masa. Kuma shi ne na fari."

Kunya biyu ke nan a wuri ɗaya. Ashe tun ranar da wani akawu ya fara tambayarsa can baya, Abba ya ce, Abba aka rubuta. Na yi masa bayani cewa in sunan bai dace da na kati ba, ranar da babu shi iyalinsa za su yi ta zarya tsakanin kotu da ofis kafin haƙƙinsu ya fito.

"Allah ya kyauta," in ji shi. "Amma Nasiru, sunan da ban taɓa kira ba, ba gaban yaron da na yi wa bulala zan fara ba."

Hajiya Binta, akawunmu, ta miƙo masa biro. "To rubuta mana, Malam."

"Hajiya, hannun ma ai nawa ne."

"A kira uwargida a waya?"

"Ita da ko Abban ba ta faɗa? Wancan yaron take cewa."

Na ce bari in jero sunaye, in na zo kansa ya yi tari. Ya ce tarin ma magana ce.

Hajiya Binta ce ta tambaya ko wa ya kawo Malam ofis. Ashe wancan yaron yana waje gindin darbejiya, kan babur: magidanci mai gemu, dillalin taki, 'ya'yansa har sun shiga sakandare. Ya shigo ya durƙusa ya gaishe mu, ya zaro katinsa. Nan take Malam ya tuna yana son duba ko hadari ya haɗo, ya fita. Sulaiman ne sunan. Muka cike takardar gyara, muka haɗa da kwafin katin, Malam ya dawo ya sa hannu yana kallon taga.

Da takardarsa ta ƙarshe ta iso kafin ya ajiye aiki, da kansa ya bi ta da yatsa har ƙasa.

Hajiya Binta ta ce, "Karanto mana mu ji, Malam."

"Na duba, daidai ne," in ji shi, ya ninke ta.

Abin da na koya shi ne, takardar fansho sunan yanka take so, mutanenmu kuwa akwai sunan da ba ya fita daga bakinsu. Don haka ku sababbin shiga, in dattijo ya zauna gabanku, kada ku ce ya faɗi sunan ɗansa. Ku leƙa waje ku ga wanda ya kawo shi.