Malam Ridwan Ba-Zama da Bangon Bayan Meriya

Haihuwarsa da Asalinsa

An haifi Malam Ridwan, wanda aka fi sani da Ba-Zama, a shekarar 1951 a Mayel-Barka, wani ƙaramin gari da ke gaɓar Binuwai, tafiyar rabin yini a kwalekwale daga Garwa. Mahaifinsa shi ne Mahamat Gwadabe magini, jikan fataken goro da suka taso daga ƙasar Kano suka yada zango a nan, zangon ya zame musu gida. Mahaifiyarsa kuwa Ladidi, 'yar gidan masunta.

A shekarar 1954 Mahamat yana cikin maginan da suka gina meriya, wato ofishin magajin gari, ginin dutse mai fuskantar kasuwa, bayansa ga kogi. Da daminar 1955 ruwa ya taso har ya taɓa bangon baya, sai Mahamat ya ɗauki ƙusa ya ja layi daidai inda ruwan ya tsaya, ya zana shekarar, ya cike zanen da shuni. Ba wanda ya sa shi. Daga nan duk shekarar da kogi ya kai ga bango sai ya ƙara layi.

Karatunsa

Ya fara karatun allo yana ɗan shekara biyar, aka sa shi lekol, wato makarantar boko, a 1959. Yana da kaifin fahimta, sai dai benci bai taɓa riƙe shi ba: in an neme shi a aji, yana bakin ruwa yana kallon jirage. Malaminsa na allo ne ya laƙaba masa Ba-Zama. Ya bar lekol a 1964 yana aji biyar.

Shekarun Yawo

A 1968 ya sauka tashar jiragen ruwa ta Garwa yana dakon auduga da gyaɗa. A 1972 ya nausa Yagwa noman shinkafa, bai jira girbi na uku ba. A 1975 sai ga shi a Kuseri yana fiton mutane a kogin Logon, inda ya tsinci Larabcin Cadi. A 1979 kuma ya ɓulla Mayo-Ulo da ɗaurin atamfa a ka. Ko'ina ya je an so shi, ko'ina kuma bai yi sallama ba. Kai ka ce ƙasa ce ke ƙona masa tafin ƙafa!

A watan Nuwamba na 1981 aka aika masa mahaifinsa ba lafiya. Ya iske shi da sauran numfashi. Tsohon ya miƙa masa ƙusar nan, ya ce, “Yawonka naka ne, Ridwan, ban hana ka ba. Amma ranar da ruwa ya zo, ya same ka a gida.”

Aikinsa da Aurensa

A 1982 aka ɗauke shi falanto a meriya, wato masinja, aikin da ya dace da shi kamar an auna, domin ba a zama a cikinsa. Ya auri Iyatu 'yar Malam Dawuda mai ɗinki a 1983, Allah ya ba su 'ya'ya huɗu. Iyatu takan ce ita dai ƙeyar mijinta ta fi sani.

Cikin ayyukansa har da shafe. A al'adar garin, ba a tarar baƙo da tsohuwar fuska: in aka ji babban baƙo zai zo, sai falanto ya jiƙa farar ƙasa ya shafe meriya fes. Shekara ashirin da tara yana wannan, gaba da gefe kawai, domin baƙo ba ya zagawa baya. Can bayan kuwa layuka suna ƙaruwa, na uba a farko, na ɗa a biye, har suka kai goma sha takwas. Ya yi ritaya a 2011, amma bai fasa zuwa ba, kuma shi ya ja layin ambaliyar 2012, mafi tsawo duka, yana tsaye cikin kwalekwale.

Gwagwarmayar Ceton Ginin

A 2019 aka koma sabon ofishi, majalisar gari ta yanke shawarar rushe tsohon a yi tashar mota, sai fa in an tabbatar ginin ya haura shekara sittin kuma yana ɗauke da tarihin garin. Takardunsa kuwa gara ta ci rabi, ambaliya ta ƙarasa saura. Shaida ɗaya ta rage a duniya: bangon baya.

Nan ƙafar Ba-Zama ta sami abin yi. Sau goma sha ɗaya ya kai dosiye, wato takardun neman a bar ginin, Garwa, a mota, a bayan babur, sau ɗaya ma a kwalekwalen masu kifi, har aka sa ranar 14 ga Maris 2022 kwamitin masana zai zo, aka kuma ce za su duba ginin lungu da saƙo. Wannan kalma ita ta hana shi sukuni. Baƙi za su zaga baya, su ga bango duk gansakuka da tabon laka? Ya ga wannan cin fuska ne gare su, abin kunya ga garin. Kwana uku kafin zuwansu ya jiƙa farar ƙasa, ya shafe gaba, ya shafe gefe, sa'an nan, cikin ladabi da kyakkyawar niyya, ya shafe baya har sau uku.

Shugabar kwamitin, Madam Lucienne, ta daɗe tsaye gaban farin bango tana riƙe da dosiyen. Ta juyo ta ce masa da Hausar kasuwa, “Baba, ina layin? Abin da muka zo gani ke nan, ka rufe shi.” Waɗanda ke wurin sun ce ba su taɓa ganin Ridwan ya zauna a ƙasa ba sai ran nan. Ya ce, “Madam, ni dai na ga baƙi ne ku.” Ta ba shi wa'adin fito da layukan zuwa ƙarshen Mayu, kafin ruwa ya sauka.

Wuƙa za ta kankare har da zanen, don haka Iyatu ta ba da shawarar ruwan tsamiya, wanda ke cin farar ƙasa a hankali. Shi da 'yarsa Nasiha suka duƙufa da tsumma da ƙaramin cokali, taƙi bayan taƙi. Mutumin da bai taɓa cika awa guda a wuri ɗaya ba ya yi kwana sittin da takwas gaban bango ɗaya, masu wucewa suna tsokanarsa, “Ba-Zama, yau ga zama!” Layi biyu suka salwanta, na 1961 da na 1988, domin hannunsa ya yi gaggawa. Goma sha bakwai suka fito. Na 1955 ne ya bayyana a ƙarshe, shuninsa bai dushe ba, rubutun Mahamat raɗau.

A ranar 9 ga Satumba 2022 majalisa ta ayyana tsohuwar meriya a matsayin wurin tarihi na garin, ta haramta rushe ta, ko shafe ta, ko yin sabon zane a bangonta. Ridwan da kansa ya miƙa ƙusar, aka ajiye ta cikin akwatin gilashi.

Rasuwarsa

Bayan haka bai sake tafiya ko'ina ba. Allah ya yi masa rasuwa ranar Talata 22 ga Agusta 2023, yana da shekara saba'in da biyu, a makon da kogi ya cika. Ruwa ya zo, ya same shi a gida. An yi masa salla bayan azahar a filin da ke gaban meriya, aka binne shi a maƙabartar tudu kusa da mahaifinsa. Allah ya jiƙansa da rahama.

Ya bar matarsa Iyatu da 'ya'ya huɗu: Mahamat, direba a Garwa, Sharifa, tana aure a Yagwa, Dawuda, mai fito a Kuseri, sai Nasiha, wadda makullin ginin ke hannunta yanzu, wadda kuma, duk ranar da aka ce baƙi na tafe, abin da take fara yi shi ne ta ɓoye bokitin farar ƙasa.