Malama Hermelinda, Ranar Asabar Za Mu Yi Wa Yaranmu Wanka

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, da hantsi, Allah ya karɓi ran Malama Hermelinda Sulca a gidanta da ke gindin tudun unguwarmu a nan Ayacucho, bayan ciwon huhun da ya kwantar da ita tun lokacin Ista. Ina zaune a kasuwa gaban tulin dankalina aka zo aka faɗa mini. Ban yi kuka a wurin ba. Na rufe kayan da buhu, na ce wa maƙwabciyata ta sa mini ido, na kama hanya ina tafe ina jin haushi. Haushinki nake ji, Malama, domin kin tafi a lokacin da muka fi bukatarki, kuma da kina da rai a gabanki zan faɗa, tun da ke kika koya mana faɗin magana ba kwana-kwana.

Wanda bai san ki ba zai ji an ce tsohuwar malamar firamare ce ta rasu, wadda bayan ta yi ritaya ta riƙe rabon tallafin da wani asusun agaji na Lima, babban birnin ƙasarmu, yake ba iyalai marasa ƙarfi masu rainon yara naƙasassu. Haka ne. Amma ni Teodosia Pariona, uwar Maximina, ina so in faɗi yadda aka yi na san ki.

An haifi Maxi da shanyewar gaɓoɓi, ga farfaɗiya a kai. Tana shekara shida a lokacin, ni kuwa kullum tana goye a bayana, in sauka da ita matakalan tudun nan in hau, har ƙuguna ya fara ƙin miƙewa. Na ji labarin tallafin, na kai sunanmu, aka ce wani mutum zai zo daga Lima ya ga gidan. To, me mutum yake yi in an ce masa baƙo yana zuwa daga nesa? Unguwa gaba ɗaya ta tashi. Maƙwabciyata Saturnina ta kawo kujerunta da murhun gas da ƙyallen teburin da ta yi aure da shi. Ƙanen mijina ya ɗauko talabijin ɗinsa a ka, aka girke shi a lungu, alhali ko wutar kunna shi ba mu da ita. Na yanka ɓerayen Masar biyu da nake kiwo don kuɗin magani, na soya su da dankali da barkono. Na wanke Maxi tas, na sa mata rigar baftisma ta ɗiyar wata. Mutumin ya zo, ya zauna, ya ci har ya nemi ƙarin barkono, ya yaba, ya tafi. Da amsa ta zo sai aka ce ba ma cikin mabukata.

A lokacin aikinki kawai nuna wa baƙin asusun hanya, na sa kai, ba ko sisi. Ke kika hawo da kanki don ki faɗa mini, kika tarar da ɗakin wayam, ni da Maxi a kan fatar tunkiya.

Kika ce, "Teodosia, ina kujerun?"

Na ce, "Sun koma wurin mai su, Malama."

"Murhun fa? Talabijin ɗin fa?"

"Duk aro ne."

Kika yi dariya har tari ya sarƙe ki, sannan fuskarki ta canza. Kika ce, "Wato duk tudun nan ya taru ya ara miki arziki, shi kuma gogan ya lashe kwano ya koma ya ce ke mai hali ce."

Na ce, "To yaya zan yi? In zaunar da baƙo a ƙasa kamar kare?"

Kika ce, "Daidai kika yi, 'yar nan. Shi ne bai iya shiga gidan mutane ba."

Wannan maganar ita ce ta fara ɗaga mini kai, domin kafin ki faɗe ta ina ta zagin kaina ne, ina cewa wautata ta hana ɗiyata magani. Kika bi gida-gida, kika tarar ba ni kaɗai ba ce. Duk wadda ta karɓi baƙon kamar yadda iyayenmu suka koya mana an cire ta, waɗanda aka ɗauka kuwa su ne waɗanda wani ya raɗa musu su ɓoye tukwanensu, su bar yaro da majina. Kika hau motar Lima da kuɗin fanshonki, kika zauna a bakin ofishinsu da saƙarki a hannu, kika ce ba inda za ki sai an saurare ki. Mai gadi ya gaji, sakatariya ta gaji, ke ba ki gaji ba. Kika dawo an danƙa miki ziyarar gidaje gaba ɗaya.

Kowa a tudun nan ya san yadda kike taki ziyarar. Za ki zauna a kujerar aro ba tare da kin tambayi ta wa ce ba, ki ci abin da aka ba ki, ki gode. In kin gama sai ki ce a ɗora miki yaron a baya, ki ɗaure shi da mayafinki, ki sauka da shi har inda mota take tsayawa, uwar tana biye da ke tana ba ki haƙuri. Ranar da kika goyi Maxi kin tsaya hutawa ya fi a ƙirga, kina haki kina zagin wanda ya gina matakalan. Da muka kai ƙasa kika ce kin ga abin da kika zo gani. Daga wannan watan Maxi ba ta ƙara kwana ba magani ba, kuma ta fara zuwa gashin ƙashi a mota kamar kowa.

Ba zan mai da ke waliyyiya ba, don ba za ki yafe mini ba. Bakinki yana da zafi, kuma kin sa mata da yawa kuka, har da ni, ranar da kika gane ina kulle Maxi a ɗaki lokacin bikin unguwa don gudun idon mutane. Akwai kuma wani magidanci, Don Epifanio, da ya ɗauki tallafin ɗansa ya kai mashaya. Kowa ya ce a yanke musu. Kika ce yaron bai sha komai ba, don me za a hore shi? Sai kika ɗauki sandunan tafiyar yaron kika shiga mashayar, kika ɗora su a kan tebur tsakanin kwalabe, kika ja kujera kika zauna kina saƙa. Abokan shansa suka zame ɗaya bayan ɗaya. Yau shi ne yake tura keken guragun ɗan nasa zuwa makaranta, kuma shi ya fi kowa kuka a jana'izarki.

Yanzu bari in faɗa miki abin da ya faru bayan kin rufe ido. A zaman makokinki, ana cikin raba kofi, wata yarinya da sabon shugaban asusun ya turo ta tara mu iyaye mata a tsakar gida. Ta ce masu bayarwa sun ragu, ana bukatar hotunan da za su taɓa zuciya. Mai hoto zai zo ranar Asabar ta makon gaba. A bar gidaje yadda suke, kada a yi wa yaran wanka ko kitso, in akwai tsofaffin kaya a sa musu. Wadda ba ta ba da haɗin kai ba, ba a yi mata alkawarin sunanta zai ci gaba da zama ba. Tana faɗa tana kallon takalminta. Ba na riƙe ta a zuci, aiko ta aka yi, kuma na yarda kuɗin ya ragu. Abin da ya ƙona mini rai shi ne sun jira har sai da kika kwanta, domin sun san da kina tsaye ba mai iya furta wannan a tudun nan.

A rana ta biyar da rasuwarki muka kai kayanki rafi wanki kamar yadda aka saba, a can muka yi maganar, hannuwanmu cikin ruwan sanyi. Basilia, wadda ɗanta yake numfashi da ƙyar, ta ce, "Ku kuna da bakin cika baki. In an yanke mini, mutunci zan dafa masa ya sha?" Gaskiya ta faɗa. Muka tsaya a kan cewa kowace uwa ta yi abin da za ta iya, kuma duk wadda ta yarda a ɗauki nata hoton ba mai yi mata gori, ko yau ko gobe. Ni kaina na baro rafin ban san abin da zan yi ba. Na san yadda farfaɗiyar Maxi take in ba magani, na san yadda take taune harshenta.

Da na koma gida sai na yi abin da na san za ki ce in yi, na tambayi mai jikin, wato Maxi. Shekarunta sha biyar yanzu, maganarta a hankali take fita, amma kanta ya fi nawa aiki. Ta saurara har na gama.

Ta ce, "Inna, su wa za su ga hoton?"

Na ce, "Mutanen Lima, da na wasu ƙasashe."

Ta ce, "To ki yi mini kitso."

Na ce, "Maxi, kin gane kuwa? Za su iya daina ba mu na magani."

Ta ce, "Na gane. Ni ce zan faɗi ƙasa, ba ke ba. Ki yi mini kitson."

Saboda haka ga amsarmu ga shugaban asusun, a rubuce, don kada a ce ba a ji ba. Mun gode da duk abin da aka ba mu, kuma muna bukatarsa fiye da yadda kuke zato. Ku turo mai hotonku. Za mu tarbe shi yadda muke tarbar kowane baƙo, a ba shi wurin zama mafi kyau, a ciyar da shi. Zai tarar da yaranmu a wanke, cikin kayansu na zuwa coci. Ya ɗauke su haka, in sun yarda. Idan masu bayarwa ba za su iya tausaya wa yaro ba sai sun gan shi cikin dauɗa, to aikinku ne ku koya musu, don ba aikin 'ya'yanmu ba ne. In kuwa kun cire sunayenmu, ku hawo tudun ku faɗa mana da bakinku, a gaban yaran.

Malama, Allah ya jiƙanki, ya gafarta miki kurakuranki, ya ba ki hutawar da kika ƙi yi a duniya. Ubangiji ya haskaka makwancinki, ya saka miki da alheri a kan kowane yaron da kika goya. Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki Don Celestino, wanda ya sha cin abinci mai sanyi saboda mu bai taɓa ƙorafi ba, da 'ya'yanki Rosenda da Abelardo, da jikokinki, da dukan iyayen tudun nan. Allah ya ba mu haƙurin rashinki. Ni kuma a sa ni a addu'a, domin tsoro nake ji ƙwarai, maganin da ya rage a gida ba zai wuce ƙarshen wata ba. Duk da haka na fara tara ruwan wankan Asabar. Allah ya tsare mini ɗiyata, amin.