Yadda Kawu Iro Ya Tatsi Marowatan Riyad

Duk wanda ya san Kawu Iro, telan nan na unguwar Shumaisi, ya san sai ya ja tsaki kafin ya amsa sallama. Ni ɗan ƙanwarsa ne, a ɗakinsa na sauka da na zo Riyad, amma ko ni ban tsira ba. Mutumin da bai taɓa yabon shayin kowa ba, wai shi ne ya tara wa samarinmu kuɗin wasan kwaikwayo!

Yaran da aka haifa a nan ne suka ce za su yi wasa da Hausa bayan Sallah, iyaye su zo kallo. Mai istiraha a unguwar Shifa, irin gidan nan da ake haya don biki, ya ce in bai ga kafin alƙalami ba, masu aure zai ba. Na kai Kawu ya ga gwajinsu. Wani Abdurrahman, mai fitowa a alƙali, ya buɗe baki: "Yalla, ka kawo shahidi naka!"

"Kai, kai, kai!" in ji Kawu. "Wannan Hausa ce ko hatsarin mota? Ɗan waye kai?"

"Wallah ya Kawu, kai ka ɗinka mini rigar suna."

"Da na san abin da za ka zama, da na ƙara wa ubanka kuɗin ɗinki."

Muna fitowa ya ce da ni, "Tayar da mota. In aka bar su haka, jikokinmu da tafinta za su gaishe mu."

Muka shiga neman gudummawa, muka fara da Alhaji Mudi mai turare a unguwar Badi'a. Kun dai san shi: kowane taro shi ke fara miƙewa ya yi alkawari, in an je karɓa sai ka ji, "Bukra in Allah Ya yarda," wato sai gobe. Haka ya ce wa Kawu. Kawu ya tuɓe takalmi, ya zauna, ya jawo butar gahawa da farantin dabino. Duk mai saye da ya shigo, sai Kawu ya shinshina kwalbar da aka miƙa masa, ya yamutsa fuska, ya ce, "To, ni dai ban ce komai ba." Kafin la'asar Alhaji ya ja shi gefe ya cusa masa wani abu a aljihu. Kawu ya leƙa ya ce, "Wannan ladan zamana ne, Alhaji. Ina na yaran?"

Kuɗin ya samu, amma fitarsa daga hannun Kawu fa? Tabɗi! Yaran suka ce za a sayi kayan sawa, ya ce ko riyal ɗin jama'a ba zai ga kasuwa ba. Alkyabbar alƙali tsohon labulen gidan kafilinsa ne, wato ubangidansa Balarabe. Gemu kuwa, da zaren abin goge ƙasa ya haɗa shi. Abdurrahman ya ce gemun na warin sabulu.

"Ka gode wa Allah," in ji Kawu. "Kai ne alƙali na farko da aka wanke."

Ranar wasa, sai ga waɗanda suka ce mana shirme ne, suka hana ko ruwan sha, sun iso da manyan riguna cin dafa-dukan kabsa kyauta. Kawu ya tarbe su yana washe baki, ranar muka fara ganin haƙoransa! Ya jera su a layin gaba. Ashe wasan a kan marowaci ne da matarsa ta kai ƙara saboda cefane. Duk sanda marowacin ya yi magana, sai Kawu ya juyo ya nuna wa jama'a layin gaba da leɓe. Wuri ya kaure da dariya. Malam Tanko, ɗaya daga cikinsu, ya miƙe zai sulale.

"Zauna, Malam Tanko," in ji Kawu da ƙarfi, "ba a zo wajenka ba tukuna!"

Da aka tashi, yaran suka kewaye shi suna jiran yabo. Ya dube su ɗaya bayan ɗaya ya ce, "Ba laifi. Ba wanda ya mutu."

Da ciwon ajali ya kama shi daga baya, yaran nan ne suka yi ta karɓa-karɓar jinyarsa a asibiti, su suka ɗauki makararsa, a ƙasar da ba a binne cibiyarsa ba. Allah Ya jiƙan Kawu Iro, Ya yafe masa kaifin baki saboda taushin zuciyarsa, Ya sanyaya makwancinsa. Amin.